Shiga Babbar Sakandare a Najeriya: Darussa, Maki da Dokokin da Sabon Ɗalibi Zai Tarar

A watan Satumba na kowace shekara, ɗaliban da suka kammala aji uku na ƙaramar sakandare kan koma makaranta a matsayin 'yan aji ɗaya na babbar sakandare, wato SS1. Ga da yawa daga cikinsu harabar makarantar ita ce dai wadda suka saba, wasu malaman ma sanannu ne. Abin da ya sauya shi ne ma'aunin da za a riƙa auna su da shi. A wannan aji ne ake zaɓar darussan da za a rubuta a jarrabawar kammala sakandare, a nan ake fara tara makin da za a aika wa hukumomin jarrabawa, kuma a nan ne ake shigar da suna da ranar haihuwar da za su bi ɗalibi har jami'a da hidimar ƙasa.

Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya bai wa Gwamnatin Tarayya da jihohi ikon yin doka kan ilimi tare, saboda haka wasu ƙa'idojin sukan bambanta tsakanin Kano da Legas, ko tsakanin makarantar gwamnati da mai zaman kanta. Abin da ke tafe shi ne tsarin da ya game ƙasa. Takardar dokokin da makaranta ke bai wa ɗalibi ranar rajista ita ce abin komawa kan duk wani bayani da ya keɓanci makarantar.

Matsayin babbar sakandare a tsarin ilimi

Tsarin 6-3-3-4 ya samo asali ne daga Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, aka kuma fara aiki da shi a 1982: shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a babbar makaranta. Bayan ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato a 1999, da kuma dokarsa ta 2004, an haɗe shekaru tara na farko suka zama ilimin tushe, wanda doka ta ce kyauta ne kuma wajibi ne a kan kowane yaro.

Wannan wajabci bai kai ga babbar sakandare ba. Ɗalibin SS1 ya tsallake matakin da doka ta tilasta a ba shi gurbi, ya shiga matakin da cancanta da ɗa'a ke tabbatar da zamansa. Jihohi da dama sun yafe kuɗin makaranta har zuwa SS3 a makarantunsu, amma hakan shawarar kowace jiha ce.

Hanyoyin da ke gaban wanda ya gama ƙaramar sakandare uku ne a mafi yawan jihohi. Akwai babbar sakandare ta gama-gari, mai kai wa ga jarrabawar WAEC da NECO. Akwai kwalejin fasaha, inda ake shekara uku ana koyon sana'a tare da darussan boko, a kammala da jarrabawar hukumar NABTEB wadda aka kafa a 1992, mai hedikwata a Benin. Sai kuma manyan makarantun Larabci da addinin Musulunci, waɗanda ɗalibansu ke rubuta jarrabawar hukumar NBAIS mai hedikwata a Kaduna.

Sharuɗɗan samun gurbi

Mabuɗin shiga SS1 shi ne sakamakon jarrabawar kammala ilimin tushe, BECE, wadda ake rubutawa a ƙarshen aji uku na ƙaramar sakandare. Hukumar NECO ce ke shirya ta ga kwalejojin haɗin kai na Gwamnatin Tarayya da wasu makarantu masu zaman kansu, yayin da kowace jiha ke shirya wa makarantunta tata. Makarantu kan fi mayar da hankali kan abin da ɗalibi ya samu a Turanci da Lissafi da kimiyya, domin da su ake yanke shawarar fannin da za a sa shi.

Wasu makarantun suna da tasu jarrabawar shiga ta daban. A Jihar Kano, alal misali, kwalejojin kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, waɗanda aka buɗe a 1977, suna ɗaukar ɗalibai ne ta hanyar jarrabawar tantancewa da Hukumar Makarantun Kimiyya da Fasaha ta jihar ke shiryawa.

Takardun da aka saba nema ranar rajista su ne sakamakon BECE, takardar shaidar hali daga tsohuwar makaranta, takardar haihuwa, hotunan fasfo, da rahoton likita, musamman ga mai shiga makarantar kwana. Wanda ya sauya makaranta ko jiha yana buƙatar takardar canjin makaranta.

Darussan tilas da na zaɓi

Hukumar NERDC ce ke tsara manhajar firamare da sakandare ta ƙasa. A farkon shekarar karatu ta 2025/2026, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ƙarƙashin Minista Dakta Tunji Alausa da Ƙaramar Minista Farfesa Suwaiba Sa'id Ahmad, ta sanar da sabuwar manhaja wadda ta taƙaita darussan ɗalibin babbar sakandare zuwa takwas ko tara.

Biyar daga ciki tilas ne ga kowa, ko wane fanni ya zaɓa: Turanci, Lissafi, darasin zama ɗan ƙasa da tarihin gado, fasahar zamani ta kwamfuta, da kuma sana'a guda ɗaya. A tsohuwar manhaja sana'o'in zaɓi sun kai 34. Yanzu an rage su zuwa shida:

haɗa wutar sola da gyaranta;
tsara tufafi da ɗinki;
kiwon dabbobi;
kwalliya da gyaran jiki;
gyaran kwamfuta da wayar hannu;
noman lambu da amfanin gona.

Sauran darussa uku ko huɗu ɗalibi yana ɗaukarsu ne daga fanninsa. Makarantu kaɗan ne ke da malamai da kayan aikin koyar da sana'o'in shida duka, don haka zaɓin ɗalibi kan tsaya ne a kan abin da makarantarsa ke iya koyarwa. Ya kamata a tambayi wannan tun kafin a biya kuɗin rajista.

Da Turanci ake koyar da darussa, da shi kuma ake amsa tambayoyin jarrabawa, in ban da darussan harsuna. Hausa darasi ne mai zaman kansa a WAEC da NECO da JAMB, yana da littattafan adabi da aka ware masa. Iya magana da harshen bai wadatar a ci shi ba. Ana tambaya kan ƙa'idojin rubutu, nahawu, fassara, adabi da al'adu.

Zaɓen fanni

Wannan ita ce shawara mafi nauyi da ɗalibi zai yanke a SS1. Makarantu kan kasa ɗalibai zuwa ajin kimiyya, ajin adabi da zamantakewa wanda aka fi sani da ajin Art, da ajin kasuwanci. Inda ake da kayan aiki, akan ƙara ajin fasaha.

Hanya mafi aminci ita ce a fara daga ƙarshe: a duba kwas ɗin da ɗalibi ke fatan karantawa a babbar makaranta, a ga darussan da JAMB ta gindaya masa a kundin bayaninta, sannan a dawo a zaɓi darussan SS1 da suka dace. Mai son likitanci yana rubuta Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji a jarrabawar JAMB. Mai son injiniyanci yana rubuta Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Mai son shari'a yana buƙatar Adabin Turanci, tare da darussa irin su ilimin Gwamnati, Tarihi, ko darasin addinin Musulunci ko na Kirista. Mai son aikin akanta yana buƙatar Lissafi da ilimin Tattalin Arziki.

Darasin da ɗalibi ya bari a SS1 da wuya ya samu damar komawa kansa. Wanda ya ajiye Fiziks saboda tsoron lissafinsa ya rufe wa kansa ƙofar injiniyanci da likitanci da haɗa magunguna a lokaci guda. Wanda ya shiga ajin Art amma ya guje wa Adabin Turanci saboda yawan littattafan karantawa zai tarar da cikas idan ya nemi shari'a. Akwai kuma kuskuren da ke fitowa daga gida: iyaye su matsa wa yaro ya shiga ajin kimiyya don ganin ajin masu ƙwazo ne, alhali sakamakonsa na shekaru uku ya nuna ƙarfinsa yana wajen harshe ko kasuwanci. Irin wannan ɗalibi kan kai SS3 da rauni a darussa uku, ya rasa kiredit ɗin da zai samu cikin sauƙi a wani fannin.

Yawancin makarantu suna amincewa da sauya fanni a cikin zangon farko, wasu har ƙarshen SS1. Bayan nan sauyin yana nufin ɗalibi ya bi darussan shekara guda da bai halarta ba, ko ya maimaita aji. Malamin shawara da jagoranci, inda akwai shi, da malamin aji su ne waɗanda ya kamata a fara tuntuɓa.

Yadda ake auna ɗalibi

Shekarar karatu zango uku ce, daga Satumba zuwa Yuli. A kowane zango ana raba maki 100 na kowane darasi gida biyu. Kashi na farko, maki 30 ko 40 gwargwadon tsarin makaranta, yana fitowa ne daga awon da ake yi a tsawon zango, wanda ɗalibai ke kira CA: gajerun gwaje-gwaje, aikin gida, aikin rukuni, da duba littafin rubutu. Sauran maki 70 ko 60 na jarrabawar ƙarshen zango ne.

Ma'aunin da makarantu da dama ke amfani da shi, bisa matakan sakamakon WAEC, shi ne: A1 daga maki 75 zuwa 100, B2 daga 70 zuwa 74, B3 daga 65 zuwa 69, C4 daga 60 zuwa 64, C5 daga 55 zuwa 59, C6 daga 50 zuwa 54, D7 daga 45 zuwa 49, E8 daga 40 zuwa 44, F9 daga 39 zuwa ƙasa. Daga A1 zuwa C6 ne ake kira kiredit. D7 da E8 ana lissafa su a matsayin tsallakewa, amma jami'a ba ta karɓarsu a darasin da ta gindaya.

Wannan yana nuna nauyin CA. Ɗalibin da ya yi sakaci ya samu maki 10 cikin 40 yana buƙatar 40 cikin 60 a jarrabawa kafin ya kai C6, yayin da wanda ya tara 30 yake buƙatar 20 kawai. Tasirin bai tsaya a makaranta ba. Hukumar WAEC tana buƙatar makarantu su ɗora makin ɗalibansu na SS1 da SS2 da SS3 a rumbunta na intanet, kuma wannan maki yana shiga lissafin sakamakon ƙarshe. Ɗalibin da ba a ɗora makinsa ba yakan fuskanci matsala a lokacin rajistar jarrabawa.

Ƙarin aji ya dogara ne da matsakaicin makin zango uku. Makarantu da yawa suna sa sharaɗin cin Turanci da Lissafi da wasu darussan fanni, musamman daga SS2 zuwa SS3. A Jihar Kano ana rubuta jarrabawar tantancewa a SS2, wadda da sakamakonta gwamnati ke zaɓar waɗanda za ta biya wa kuɗin jarrabawar kammala sakandare. Wanda ya sa ran wannan tallafi, karatun SS1 shi ne rabin abin da za a tambaye shi.

Karatun kansa ma ya bambanta da na ƙaramar sakandare. Darasin kimiyya guda ɗaya da ɗalibi ya sani ya rabu zuwa Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, kowanne da aikinsa na ɗakin gwaje-gwaje, wanda takarda ce mai makinta a jarrabawar ƙarshe. Tambayoyin rubutun zube sun ƙaru, kuma ana sa ran ɗalibi ya karanta littafin darasi da kansa baya ga abin da malami ya rubuta a allo. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibi 40 a wannan mataki, amma a makarantun gwamnati da yawa aji ya wuce haka nesa, don haka wanda bai gane ba, shi zai tashi ya tambaya.

Jarrabawar da ake dosa

Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, tana shirya jarrabawar ɗaliban makaranta tsakanin Afrilu da Yuni. NECO, wadda aka kafa a 1999, mai hedikwata a Minna, tana biyo baya a Yuni da Yuli. Ana rajistar darasi takwas ko tara, kuma tambayoyin sun shafi manhajar shekaru ukun duka, tun daga makon farko na SS1.

Abin da ake nema don shiga jami'a shi ne kiredit biyar a darussan da suka dace da kwas, a zama ɗaya ko biyu. Jami'o'i da dama ba sa karɓar zama biyu a kwasa-kwasai irin su likitanci. Kiredit a Turanci wajibi ne ga kowa. A watan Oktoban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da cewa kiredit a Lissafi ba zai ci gaba da zama sharaɗin shiga kwasa-kwasan fannin Art ba, amma ya ci gaba da zama sharaɗi ga kimiyya da fasaha da kimiyyar zamantakewa. Ma'aikatar ta kuma bayyana cewa har yanzu dole ne kowane ɗalibi ya karanta Lissafi ya kuma rubuta shi a jarrabawar kammala sakandare.

Alƙaluman WAEC sun nuna girman aikin. A 2024 kashi 72.12 cikin 100 na waɗanda suka zauna jarrabawar ne suka samu kiredit biyar haɗe da Turanci da Lissafi. A 2025 adadin ya tsaya a kashi 62.96, bayan hukumar ta sake duba sakamakon da ta fara fitarwa. Ke nan sama da kashi ɗaya cikin uku na ɗaliban wannan shekara ba su cika sharaɗin ba.

Jarrabawar JAMB, hukumar da aka kafa a 1978, darasi huɗu ce, tambaya 180, maki 400, kuma tun 2015 a kan kwamfuta kaɗai ake rubuta ta. WAEC ma ta fara jarrabawa a kwamfuta ga masu rajistar ƙashin kansu a 2024, kuma gwamnati ta bayyana niyyar faɗaɗa tsarin zuwa makarantu. Ɗalibin da ya shiga SS1 yanzu ya kamata ya ɗauki darasin kwamfuta da muhimmanci, ya nemi ya taɓa na'urar da hannunsa.

Suna, shekaru da lambar NIN

Tun 2021 JAMB ba ta rajistar wanda ba shi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, kuma daga rumbun NIN take ɗauko suna da ranar haihuwa. Idan abin da ke can ya saɓa da abin da ke kan sakamakon WAEC ko NECO, ɗalibi kan sha wahala a wajen tantancewar jami'a, kuma gyaran yana cin lokaci da kuɗi.

Wannan matsala tana yawan shafar masu sunaye irin namu, saboda suna ɗaya yana da rubutu iri-iri: Muhammad, Mohammed da Muhammed, A'isha, Aishat da Aishatu, Abdullahi da Abdullah. Wani yana amfani da sunan mahaifi a wata takarda, da sunan gari a wata. Ya kamata iyaye su tsayar da rubutu ɗaya da jeri ɗaya, su tabbatar shi ne a takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, a NIN, da kuma rajistar makaranta, tun a SS1. Ranar haihuwar da aka shigar yanzu za ta sake tasowa a lokacin hidimar ƙasa, inda wanda ya haura shekara 30 a ranar kammala digiri ake ba shi takardar yafewa.

Mafi ƙarancin shekarun shiga babbar makaranta 16 ne, kamar yadda aka tabbatar a taron manufofin JAMB na Yulin 2025. Hukumar ta ware wa masu hazaƙa ta musamman hanya, amma da tsauraran sharuɗɗa, ciki har da samun maki 320 ko fiye. Iyayen da ke sa a tsallakar da yaro aji don ya gama da wuri su yi lissafin shekarunsa, kada ya kammala SS3 ya zauna jira.

Satar amsa

Maguɗin jarrabawa laifi ne a dokar ƙasa. Dokar Maguɗin Jarrabawa mai lamba 33 ta 1999 ta tanadi tarar da ta kai Naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce shekara uku ba, ko duka biyun, ga wanda bai kai shekara 18 ba da aka samu da laifin satar amsa. Shugaban makaranta ko malami ko mai sa ido da ya aikata laifin yana fuskantar ɗaurin shekara huɗu ba tare da zaɓin tara ba.

Hukumomin jarrabawa suna da nasu hukuncin: riƙe sakamako, soke darasi ɗaya ko sakamakon gaba ɗaya, da janye amincewa daga makarantar da aka samu da maguɗin taro. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta ba da umarnin hana duk ɗalibin da aka kama rubuta kowace jarrabawar ƙasa har shekara uku, ta hanyar bin lambarsa ta NIN. Ta kuma sanar da hana ɗaukar ɗalibi ko karɓar canjin makaranta zuwa SS3 daga shekarar karatu ta 2026/2027, domin toshe hanyar komawa cibiyoyin da ake sayar da amsa. Duk mai niyyar sauya makaranta, sai ya yi a SS1 ko SS2.

Shiga ɗakin jarrabawa da waya laifi ne ko da a kashe take. Haka ma rubutu a tafin hannu ko a jikin tufafi, musayar takardar amsa, da zama a madadin wani.

Dokokin yau da kullum

Yawancin makarantu suna fara taron safe tsakanin ƙarfe 7:30 da 8:00, inda ake addu'a, a rera taken ƙasa, a yi sanarwa. Ana kiran suna kullum, kuma yawan fashi ba tare da takardar uzuri daga iyaye ko likita ba yana iya hana ɗalibi rubuta jarrabawar zango. Gwajin CA da ya wuce ɗalibi ba tare da uzuri ba, ba kasafai ake sake masa ba.

Yunifom na babbar sakandare kan bambanta da na ƙarama a launi ko ɗinki. Ana hana matse shi ko sauya masa fasali, ana kuma hana kayan ado, ƙumba ta kanti, da askin da ya saɓa wa tsarin makaranta. Game da hijabi, a watan Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar da haƙƙin ɗalibai mata Musulmi na sanya shi a makarantun gwamnatin Jihar Legas. Makarantu kan ƙayyade launinsa da tsawonsa don ya dace da yunifom.

Makarantu da yawa, musamman na kwana, sun haramta wayar hannu, kuma wadda aka kama akan ƙwace ta. Laifuffukan da ke kai wa ga dakatarwa ko kora kusan iri ɗaya ne a ko'ina: faɗa da makami, sata, dukan malami, shan ƙwaya ko sayar da ita, lalata, ɓarnata kayan makaranta, tsallake katanga, da shiga ƙungiyar asiri. Wasu daga cikin waɗannan sukan wuce hannun makaranta su kai ga 'yan sanda. Dokar Jihar Legas ta 2021, misali, ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga wanda aka samu da zama ɗan ƙungiyar asiri.

Makarantar kwana

Ƙararrawa ce ke tafiyar da rayuwar ɗan makarantar kwana: tashi kafin asuba, ibada, shara da wanka, darasi, cin abinci a ɗakin cin abinci, hutun rana, wasanni, karatun dare da ake kira firef, sai kashe fitila. Firef wajibi ne, kuma a lokacinsa ne ake yin aikin gida da bitar darasin ranar. Ranar Asabar akan duba tsaftar ɗakunan kwana.

Ba a fita daga harabar makaranta sai da takardar izini mai sa hannun malamin ɗakin kwana ko mataimakin shugaban makaranta, kuma ba a miƙa ɗalibi sai ga wanda sunansa ke cikin rajista. An ƙara tsaurara wannan doka bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar 2020 da Jangebe a Fabrairun 2021. Ziyara tana da ranarta. Akan hana risho, hita, wuƙa, da duk maganin da ma'aikacin jinya na makaranta bai san da shi ba. Ɗalibi mai sikila ko asma ko farfaɗiya, iyayensa su sanar a rubuce tun ranar farko. Ɓoye ciwon don gudun magana yana jefa shi cikin haɗari a filin wasa da wajen aikin ƙarfi.

Horo da haƙƙin ɗalibi

Shugabannin ɗalibai, waɗanda ake kira firifet, ana naɗa su ne daga manyan azuzuwa don su taimaka wa malamai wajen tsare doka. Ikonsu yana da iyaka. Duka, ƙwace abinci ko kuɗi, da tilasta wa ƙaramin ɗalibi wanki da ɗebo ruwa duk cin zali ne, ko da an kira su al'adar makaranta. Ɗan SS1 yana tsakiya ne: akwai na sama da shi, akwai kuma 'yan ƙaramar sakandare a ƙasansa, kuma dokar da ke kare shi ita ce za ta kama shi idan ya zalunce su.

Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta haramta azabtar da yaro ko wulaƙanta shi, kuma Manufar Ƙasa kan Tsaro da Hana Cin Zarafi a Makarantu ta 2021 ta ɗora wa makarantu alhakin samar da hanyar kai ƙara. Matakan da aka saba bi su ne malamin aji ko na ɗakin kwana, mataimakin shugaban makaranta, shugaban makaranta, sannan ofishin ilimi na shiyya ko ma'aikatar ilimi. Kafin a kori ɗalibi, akan gurfanar da shi gaban kwamitin ladabtarwa, a saurari bayaninsa, a kuma gayyaci iyayensa. Ɗalibar da wani malami ko ma'aikaci ya neme ta da lalata, ko ya yi mata barazana da maki, ta sanar da iyayenta da malama mace da ta amince da ita ba tare da jinkiri ba.

Abin da ya rataya a kan iyaye

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma zangon farko na SS1 shi ne lokacin da gyara ya fi sauƙi. Iyaye su karanta takardar dokokin makaranta kafin su sa mata hannu, su san malamin aji, su halarci taron Ƙungiyar Iyaye da Malamai. Idan katin sakamako ya zo, su duba makin CA da na jarrabawa na kowane darasi da adadin ranakun halarta, domin matsayin ɗalibi a aji shi kaɗai ba ya nuna ko ya kai kiredit.

Ɗalibin jeka-ka-dawo yana buƙatar lokacin karatu tsayayye a gida, wanda za a daidaita shi da Islamiyya, da aikin gida, da zaman kasuwa ko gona. Ya kamata a fara tanadin kuɗin rajistar WAEC da NECO da JAMB tun yanzu, domin sukan taso kusa da juna a shekarar SS3, kuma tallafin jiha ba kowa yake samu ba.

Kafin hutun Disamba, abubuwa huɗu ya kamata su kammala: an tabbatar darussan da ɗalibi ya zaɓa sun dace da kundin JAMB, an yi masa NIN da suna da ranar haihuwa daidai da na rajistar makaranta, an sanar da makaranta duk wata larurar lafiyarsa, kuma an duba sakamakon zangon farko don ganin ko akwai buƙatar sauya fanni tun makaranta tana amincewa.